Lokacin da Kowane Maɓalli Yake da Ubangida

A farkon shekarun 2000, in saurayi ya ce sana'arsa rubuta furogiram ɗin kwamfuta ce a Kano, abin da za a fara tambayarsa shi ne wa yake yi wa aiki, domin masu buƙatar irin wannan aiki a lokacin ba su wuce bankuna da wasu ofisoshin gwamnati ba, sai kuma ragowar masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, waɗanda suka tsallake faɗuwar darajar naira ta 1986 da ƙyar, suna fama da ƙarancin wuta da tsadar baƙin mai, amma duk da haka suna son sanin fata nawa ta shiga majema, buhun roba nawa ya fita daga sito, nawa kuma za a biya leburori a ƙarshen mako. Mu 'yan Hotoro da muka faɗa harkar, wasunmu a Jami'ar Bayero suka koya, wasu a azuzuwan CITAD, wasu kuwa littafin da aka yi wa fotokwafi har ya dushe shi ne malaminsu. Da safe mu tare acaɓa a titin Maiduguri, faifan CD a aljihun riga, mu je mu zauna a ofishin akawu muna ɗora masa abin da muka kwana muna haɗawa da Visual Basic 6 da Access: allo ruwan toka, maɓallai masu kusurwa huɗu, akwatin rubutu fari fes, rahoton wata yana fitowa daga firinta mai ƙara kamar za ta tsaga takardar.

Acaɓan an hana shi tun 2013. Furogiram ɗin kuwa ko ɗaya ba zai buɗe a wayar da ke hannunka ba.

A 2002 Microsoft ta fito da sabon Visual Basic a ƙarƙashin tsarin .NET, wanda ya gaji tsohon a suna amma ya saɓa masa a gini, sai masu sana'ar a duniya baki ɗaya suka wayi gari da zaɓi biyu, ko su sake rubuta aikinsu daga tushe, ko su ci gaba da lallaɓa tsoho har ranar da zai ƙi tashi. Da yawa a nan lallaɓawa suka zaɓa. A nan aka fara ganin yadda zaman aro yake: kayan na wani ne, kai dai gini ka yi a kai, ranar da mai kaya ya sauya shawara kuma sai ka bi.

Daga nan intanet ta kwashe mu. Tsarana ba su manta da kafe ba, da sayen awa guda a ɗan tikiti, da kwanan da ake yi saboda sai tsakar dare layi yake sakin jiki, fanka tana kaɗa iska mai zafi, janareta yana ruri a bayan shago, kai kuma kana fama da shafi ɗaya tun bayan isha'i. Ka tsara shi ya zauna daram a Internet Explorer 6, ka buɗe shi a Firefox ka tarar maɓallin ya gudu gefe, ka duba a Opera Mini ta wayar Nokia ka ga kamar ba hannunka ne ya yi ba. Kowace burawuza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana da halinta, kuma dole ka san halin kowacce kamar yadda ka san hanyar gidanku. Da John Resig ya saki jQuery a 2006, aka samu mai shiga tsakani, ka rubuta umarni sau ɗaya ita kuma ta san yadda za ta faɗa wa kowace burawuza. Shekara guda bayan haka rumbun sassanta ya zo da kalandar zaɓen kwanan wata da akwatin da ke faɗowa tsakiyar allo, a 2011 kuma Bootstrap ta fito daga Twitter, har aka kai lokacin da shafin makarantar sakandare da na kamfanin sabulu da na otal duk fuskarsu ɗaya ce, shuɗin maɓalli ɗaya, baƙin layi ɗaya a sama.

Matasa, ga abin da ya kamata ku riƙe a nan. Fuskar kowace manhaja sassa ce aka harhaɗa: maɓallin dannawa, akwatin rubutu, jerin zaɓi, kalanda, teburin lissafi. Babu mai son ya riƙa sassaƙa waɗannan da hannu a kowane aiki, shi ya sa ake tara su a rumbu. Rigimar da aka shafe fiye da shekara goma ana yi a kanta ita ce rumbun na wa ne, kuma wa zai iya ɗiba.

Da manhajojin intanet suka girma, suka tashi daga shafin karantawa suka koma wurin aiki na yini guda, jQuery ta kasa ɗaukar nauyin. Sai aka shiga zamanin firam, wato ƙwarangwal ɗin da wani kamfani ko wasu gwanaye suka riga suka kafa, kai kuma ka zo ka ɗora naka a kai bisa dokokinsu. Google ta saki AngularJS a 2010, Facebook ta saki React a 2013, Evan You ya fito da Vue a 2014. Kowane firam ya tara jama'arsa, ya kafa rumbunsa: mutanen Angular suna da Angular Material, na React suna da Material-UI, na Vue suna da Vuetify. Zanen maɓallin iri ɗaya ne a ido, amma cikinsa daban, domin wanda aka ƙera wa Angular ba ya jin maganar React ko kaɗan. A 2013 kuma wani ƙaramin kamfani a garin Madison na Amurka ya fito da Ionic, wanda ya ɗaura AngularJS da Cordova wuri guda, ya ba mai ilimin shafin intanet damar fitar da manhajar Android ba tare da ya koyi Java ba. Ga wanda jarinsa tsohuwar laftof ce ta hannu da ɗan modem, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Shekarun nan sun yi daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel sun cika rumfunan Farm Centre, nan kusa da mu, har ɗan kasuwar da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya fara tambayar ko za a iya sa masa lissafin shagonsa a waya. Ƙungiyar eHealth Africa, da aka kafa a 2009 kuma ta yi zamanta a Kano, tana haɗa manhajojin bibiyar allurar rigakafi masu aiki ko babu layi, abin da ya nuna wa samarin gari cewa aikin da ake yi a Turai ana iya yin irinsa a nan. Ana taron masu manhaja ranar Asabar, ana raba bidiyon darasi a filasha saboda data ta yi tsada, a majalisa kuma bayan an idar da salla sai musu ya kaure tsakanin 'yan Angular da 'yan React har mai shayi ya fara tattara kofunansa, wannan yana cewa naku nauyi ne da shi, wancan yana cewa naku ba shi da tsari, alhali dukkansu gobe da safe abu ɗaya za su zauna su rubuta.

Abu ɗayan nan shi ne inda wahalar take, kuma shi ne abin da rumbunan waje ba su taɓa zuwa da shi ba. Akwatin kuɗi mai alamar naira, wanda zai sa waƙafi a inda ya dace kuma ba zai rikice da kwabo ba. Akwatin lambar waya da zai karɓi lamba 11 mai farawa da sifili ya mayar da ita mai 234 da kansa. Jerin zaɓin jiha da ƙaramar hukuma, 44 a Kano kaɗai, 774 a ƙasa baki ɗaya, wanda in ka zaɓi jiha zai tace maka nata. Fom ɗin suna da ba zai tilasta wa mutum ya ƙirƙiro sunan dangi irin na Turawa ba, ya bar shi ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, in ya so ya ƙara na garinsu. Akwatin bincike da zai gane cewa akawun da ya buga k ko d saboda allon wayarsa ba shi da ƙ da ɗ, mutum ɗaya yake nema da wanda ya buga da lanƙwasa. Sai uwa uba kalandar Hijira, wadda lissafi kaɗai ba ya isar ta, dole ka bar wurin da za a ƙara kwana ko a rage bayan Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Kowanne daga cikin waɗannan aikin kwanaki ne kafin ya nuna, ga gwaji a ƙananan wayoyi, ga gyara bayan mutane sun fara amfani da shi. Wanda ya rubuta nasa a Angular, maƙwabcinsa mai React ba zai iya ara ba ko da an ba shi kyauta. Shi ma in sabon aiki ya zo masa a wani firam ɗin, sai ya koma farko.

Kalanda ɗaya, gari ɗaya, wata ɗaya a sama, amma kowa da tasa.

A watan Satumba na 2016 aka saki Angular 2, sabon gini ne gaba ɗaya, da sabon harshen TypeScript, kuma sassan da aka rubuta wa AngularJS ba sa shiga cikinsa kai tsaye. Ionic ma ta bi sahu da nata sabon a farkon 2017. Tsohon AngularJS ya ci gaba da numfashi har ƙarshen 2021, lokacin da aka daina yi masa gyara. Ko'ina a duniya masu manhaja sun sha wannan sauyi, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Kamfanin da ke da ma'aikata ɗari yana iya ware goma su yi shekara suna ƙaura. A nan kuwa mutum ɗaya ne, shi ne mai zane, shi ne mai rubutu, shi ne mai karɓar waya in abu ya tsaya, kuma shi zai je ya tsaya gaban mai masana'anta ya yi bayani. Amsar da ake samu kusan ɗaya ce: "Malam, abin nan fa yana aiki. Me ya lalace da zan sake biya?" Gaskiyarsa ce. Babu abin da ya lalace. Ƙasar da aka yi ginin a kai ce aka janye.

Tsofaffin makanikan masana'antu sun riga mu sanin wannan ciwo. Duk wanda ya zauna da waɗanda suka yi aiki a Bompai zamanin da jiniyar tashi daga aiki take cika titi da kekuna, zai ji labarin injinan Ingila masu awon inci da na sauran Turai da Jafan masu awon milimita, kowanne da nasa noti, da nasa sifana, har injin da ke ciyar da mutum hamsin ya yi makonni a tsaye saboda ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, ana jiran a kawo shi daga ƙasar da aka ƙera shi. Ingila kanta sai a 1841 Joseph Whitworth ya fitar mata da awon noti na bai ɗaya, kafin nan kowace maƙera da nata. Daga baya ƙasashe suka taru a kan awon milimita a ƙarƙashin hukumar ISO da aka kafa a 1947. Yau yaron shago ya je Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi noti mai lamba kaza, ya dawo ya ɗaura ya zauna, bai tambayi wace ƙasa ta yi shi ba. Abin da masu manhaja suka rasa ke nan tsawon shekaru: awon da ba na kowa ba, wanda saboda haka ya zama na kowa.

Maganar samar da shi ta fara fitowa fili a 2011, lokacin da Alex Russell, injiniya a Google, ya gabatar da ita a taron Fronteers a birnin Amsterdam, da sunan Web Components. Shawarar ita ce a daina ajiye sassa a gidan firam, a koya wa burawuza da kanta yadda za ta karɓe su. Manyan abubuwa uku aka nema. Na farko, a ba kowa izinin ƙirƙiro alamarsa ta HTML, da sharaɗin sunan ya zo da karan ɗori a tsakiya don kada ya yi karo da alamomin asali, ta yadda za ka iya yin alama mai suna kwanan-hijira ka sa ta a shafi kamar yadda kake sa hoto. Na biyu, a kewaye cikin kowane sashe da shinge, launi da tsarin shafin waje kada su shiga su ɓata shi, nasa ma kada ya fita ya ɓata na wasu. Na uku, a samar da samfurin da burawuza za ta riƙa kwafa duk lokacin da aka kira sashen, da gurabun da mai amfani zai zuba nasa rubutun.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Google ta yi gaba da rumbunta mai suna Polymer a 2013, ta sa zubin farko na shawarar a Chrome ita kaɗai, sauran masu burawuza suka ja baya, Mozilla ma ta ƙi karɓar wani ɓangare na shawarar, aka watsar da shi. Sai da aka koma teburi aka daidaita kafin zubi na biyu ya shiga Chrome a 2016, Safari a 2017, Firefox a Oktoban 2018, Edge kuma a Janairun 2020 bayan Microsoft ta sake gina ta a kan Chromium. Shekara tara ke nan daga magana zuwa cikawa. A tsakanin nan YouTube ta sake fuskarta da Polymer a 2017, GitHub ta sanar a 2018 cewa ta cire jQuery daga shafinta tana amfani da alamomin da ta ƙirƙira. Wadda ta fi taɓa mu a nan ita ce Ionic, domin ita ce ta ɗanɗana ɗaurin gindi da firam guda ta ga ƙarshensa: ta ƙera wani kayan aiki mai suna Stencil a 2017, ta sake zuba dukkan sassanta da shi, a Janairun 2019 ta fito da Ionic 4, wanda maɓallinsa ɗaya ne ko da Angular ka zo, ko da React, ko da Vue, ko ma ba ka zo da kowa ba. React ce ta daɗe tana ɗari-ɗari da waɗannan sassa, sai a zubinta na 19, a Disamban 2024, ta karɓe su sosai.

Yanzu yarinyar da ke koyon sana'ar a ɗakin mahaifiyarta a Hotoro tana iya rubuta kalandar Hijira sau ɗaya, ta sa ta a shafin Islamiyyarsu da aka yi da WordPress, gobe ta sa ta a manhajar sito da aka yi da React, jibi ta ba ƙawarta mai Vue. Ba ta san an taɓa yin musu a kan haka ba.

Kada dai a ɗauka an shiga aljanna. Zuma ce, da zaƙi da harbi. Shingen da ke kare sashe shi ne kuma yake wahalar da mai son sauya masa launi ya dace da tambarin kamfani, kuma an daɗe ana fama kafin irin waɗannan sassa su zauna lafiya a cikin fom. An yi shekaru shafin da aka gina da su ba ya nuna komai sai JavaScript ta gama sauka, wanda a layin da ke rarrafe yana nufin farin allo da mai waya yana tsaki, sai a 2024 manyan burawuzoji suka kammala karɓar hanyar aiko da sashen a shirye daga saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Firam ma bai mutu ba, domin sassa fuska ce kawai, har yanzu ana buƙatar mai riƙe bayanai da tsara zirga-zirga a babbar manhaja, kuma tallan neman ma'aikata har gobe React yake tambaya. Kamfanoni ba su daina sauya shawara ba: Polymer ta ba Lit wuri, a 2024 kuma Google ta dakatar da ƙara sabon abu a rumbunta na Material Web. Bambancin shi ne sassan da aka riga aka yi da su suna nan suna aiki, saboda burawuza ce take ɗauke da su, ita kuwa burawuza ba ta cika yar da abin da ta riga ta karɓa ba. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya wallafa a farkon shekarun 1990 har yau yana buɗewa. Sai dai injinan burawuza da suka rage a duniya uku ne, na Google da na Apple da na Mozilla. Ubangida bai ɓace ba, ya dai koma nesa, kuma yanzu sai ya nemi yardar 'yan uwansa kafin ya taɓa ƙa'ida.

Abin da na fi jin rashinsa ba maɓallan ruwan toka ba ne, ba kuma kwanan kafe ba. Sanin burawuza ne. Wahalar Internet Explorer ta tilasta wa tsararmu sanin abin da ke faruwa a ƙasa, yadda shafi yake ginuwa, yadda dannawa take tafiya daga maɓalli zuwa inda ake jiranta. Zamanin firam ya yaye ɗalibai masu hazaƙa waɗanda suka iya React kafin su iya HTML, in aka ɗauke firam ɗin sai su tsaya cak, yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta musu abin da ba su karanta ba. Sassan nan na bai ɗaya sun dawo da darajar wancan tsohon ilimi, don ba a iya ƙera su sai da shi. Dattawan harkar da suka koma sayar da sola ko kiwon kaji suna ganin zamani ya wuce su, alhali abin da ke kansu ya fi na da tsada.

Ku kuma masu tasowa, ku koyi React ko duk wanda kasuwa take nema, domin da shi za ku ci abinci bana. Amma akwatin naira, da jerin ƙananan hukumomi, da binciken da ya san lanƙwasa, da kalandar da ke jiran sanarwar Sakkwato, ku zuba su a awon da ba na kowa ba, ku ajiye a GitHub inda na Katsina da na Maraɗi zai ɗauka ya gyara ya mayar. In kuma mai masana'anta a Sharada ya ba ku aiki, ku lissafa tun ranar farko cewa shekara goma zai yi yana amfani da shi, kuma ba zai biya sau biyu ba.